Firez a Ƙasa, Buganbil a Katanga

Warin ne ya fara tarar Aisa tun daga zaure, wari irin na ganyen da aka dafa ya wuce misali. Ta yar da ƙunshin ɗinkin da ta ɗauko daga shagon tela, ta faɗa cikin gida da takalmi ɗaya.

Gwaggo Zeinabu na tsaye a gindin rumfa da tukunya a hannu, tukunyar na ta tururi. Gwangwanayen da ke jere a inuwa duk sun jiƙe sharkaf. Ganyen da Aisa ta bari kore shar da safe ya kwanta laƙwas, ya yi baƙi-baƙi kamar rama a miya.

"Gwaggo! Wayyo Allah, Gwaggo, me kika yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun tuni. Ja baya, kar ki tsallake shi."

"Tafasasshen ruwa kika zuba musu?"

"Da gishiri. Haka aka ce in yi."

Aisa ta zube a kan gwiwoyinta. Ta cusa yatsu cikin ƙasar, zafi ya cije ta, ba ta janye ba. Ta bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya tana tonawa, ko akwai wanda ruwan bai kai saiwarsa ba. Babu ko ɗaya. Gwaggo mace ce mai gyara aiki, in ta ɗauki tsintsiya ba ta barin lungu.

Wanda bai san mafarin zancen ba zai ce ai ganye ne kawai. Ƙarya ne. Aure aka dafa a gwangwanayen nan.

Shekarar ce da kogin Yamai ya tsaya cak, a zamanin soja, lokacin da mutanen karkara suka cika bakin gari suna jiran jar dawar taimako. Aisa ƴar Alhaji Sanusi ce, mutumin Madawa mazaunin unguwar Kalley, ɗan kasuwar da tun gobarar babbar kasuwa bai sake miƙewa ba. Uwarta ta rasu tana goye, ƙanwar uban ce ta raine ta, wato Gwaggo Zeinabu.

Shi kuwa Isaka, mai neman aurenta, Bazabarme ne, mai garka a Kirkissoye, can tsallaken kogi. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne firez, wani ɗan tsiro mai rarrafe a ƙasa, mai jajayen ƴaƴa kamar kan yatsa, wanda anasara da manyan otel ke rububinsa da sanyi.

Da kawunsa ya kawo goro, Alhaji ya karɓa, amma da sharaɗi.

"Ban ƙi shi don Bazabarme ne ba. Amma ba na ba da ƴata ga mutumin da kogi ya gudu ya bari. In sanyi ya shigo, ya kawo mini firez ɗin nan da yake taƙama da shi, cike da faifai, na garkarsa, a nan zaurena. Ran nan za a sa rana. In bai kawo ba, ya aiko a karɓi goronsa."

To, firez ba a shuka shi kamar gero. Uwaye ake rayawa su tsallake bazara, a inuwa, da ruwa safe da yamma. Su ne ke fitar da wani dogon zare mai bin ƙasa, duk inda ya taɓa laima sai ya kafa saiwa ya zama ɗa. Ƴaƴan nan ake dasawa in sanyi ya zo. Ba uwa, ba ɗa, ba garka.

Da rijiyar Isaka ta ƙafe, sai ya kwashe uwayensa kaf, ya turo su a kura ta kan gada, da izinin Alhaji, saboda gidan Kalley na da famfo. Ba a jima ba famfon ma ya koma tari babu ruwa. Daga nan Aisa ta fara raba rabonta biyu. Ruwan wankanta ta ba su, wani lokaci har na sha.

A tsakanin nan ne Ajidan Mumuni, wani soja mai muƙami, ya fara sallama a gidan, shi ma yana son Aisa. Ya zo da motar siterni mai dakon ruwa tana cika musu tuku biyu, wato duro, ya kuma zo da wani reshe mai ƙaya da ake ce wa buganbil, ya dasa da hannunsa a gindin katanga. Ba wanda ya ba shi ko ɗigo, amma ya kama katanga ya hau, ya yi fure ja-ja har ana gani daga titi.

"Ki tashi daga nan," in ji Gwaggo. "Kina kuka a kan abin da ya kusa cinye ki."

"Me suka yi miki? Me suka tsare miki a gidan nan?"

"Me suka yi? Zo ki gani, tun da idonki ya rufe."

Ta fizgo hannun Aisa, ta nuna mata ƙasa. Zaruruwan nan sun fito daga gwangwanaye, sun ratsa tsakar gida, sun kafa ƴan saiwoyi daidai ƙofar ɗakin Aisa. Gwaggo ta riga ta datse su da fartanya, ta bi su da ruwan zafi.

"Faɗa mini, wane tsiron Allah ne ke tafiya? Ya bar gabas, ya bar yamma, ya bar ɗakina, ya bar na Alhaji, sai ƙofarki. Yana ja da ciki kamar maciji. Jiya na auna da takalmina, yau da safe ya wuce inda na sa alama. Saura kaɗan ya shiga ƙarƙashin gadonki!"

"Gwaggo, a nan nake alwala! Duk gidan nan nan kaɗai ke da laima. Waɗanda suka bi wancan gefen ai sun bushe, dubi. Haka yake haihuwa, Isaka ya gaya mini..."

"Isaka ya gaya miki. Da wa zai gaya miki? Na yanki guda na kai wa malam a Banifandou, kallo ɗaya ya yi masa ya ce ƙulli ne. Mutanen bakin kogi kike wasa da su? Su da ke magana da abin da ke cikin ruwa?"

"Mai garka ne, Gwaggo, ba Sarko masunci ba. Ko iyo bai iya sosai ba."

"Dubi na Ajidan. Abu ya miƙe tsaye kamar ɗan halas, yana hawa sama wajen Ubangijinsa, ba ya roƙon kowa ruwa. Naki kuwa kullum baki buɗe, a ba shi, a ba shi, ya shanye ruwanki ya shanye jikinki."

Aisa ta dubi tukunyar, ta dubi tukun da ke gefen madafa, ya sauka kusan rabi.

"Ruwan da kike hana ni in ba su don su rayu, shi kika ba su da yawa haka don su mutu."

Gwaggo ta ɗaga hannu za ta kwaɗa mata mari, sai aka yi gyaran murya. Alhaji Sanusi ne ya fito daga turakarsa, carbi a hannu ɗaya, ƙoƙo rufe da faifai a ɗayan. Ganin ƙoƙon nan Aisa ta gane da saninsa aka yi.

"Baba, kai ka ba shi izini ya kawo su."

"Izinin ajiya na ba shi. Ban ba shi izinin ɗaure mini ƴa ba."

"Wallahi Baba bai ɗaure ni ba."

"Dubi wuyanki. Tun da abin nan ya shigo gidan nan kike ramewa. Rannan da idona na gan ki durƙushe kina yi wa gwangwani magana, kina dariya. Mai hankali na yin haka?"

Hawaye suka ƙwace mata. Abin da ba ta taɓa faɗa a gaban ubanta ba ya fito da kansa.

"Son sa nake yi, Baba. Tun ba a kawo gwangwani ba nake son sa."

Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati.

"Ka ji ko, Yaya? Ka ji da kunnenka? Ƴar da na raina da hannuna ce za ta buɗe baki gaban ubanta ta ce tana son namiji? Ba ita ke magana ba!"

Ga inda zaluncin yake. In ta yi kuka, asiri ne ke cin ta. In ta yi shiru, asiri ya karye, ashe da gaske akwai shi. Duk ƙofar da ta nufa sun riga ta sun tsaya a bakinta, kuma suna yi da zuciya ɗaya, suna ganin ceton ta suke yi. Har yau ba wanda ya buɗe baki a gidan nan ya ce an yi kuskure.

Alhaji ya buɗe faifan ya miƙa mata ƙoƙon. Rubutu ne.

Ta karɓa da hannu biyu. "Sunan Allah ne, ban ƙi shi ba." Ta shanye tas, ta kife ƙoƙon a ƙasa, ta goge baki. "Na sha, Baba. Har yanzu shi nake so."

"Bai kama ba tukuna," in ji Gwaggo. "Malam ya ce sai an yi ta sha."

Ana cikin haka aka ji ƙahon siterni a ƙofar gida. Ajidan Mumuni ya yi sallama ya shigo, kaki ya sha guga, ƙamshin turarensa ya danne warin dafaffen ganye. Mutum ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya, shi ya sa ma ya fi wuyar ƙi. Ya rusuna ya gaida Alhaji, ya gaida Gwaggo, sannan ya dubi gwangwanayen ya girgiza kai.

"Ash! Zafi ne ya kashe su?"

Ya dubi tukunyar da ke gefen Gwaggo, ya kawar da kai kamar bai gani ba.

"Ki yi haƙuri, Aisa. Amma abin nan dama ba na ƙasarmu ba ne. A ba shi inuwa, a ba shi ruwa, a lallashe shi kamar jinjiri, rana ɗaya aka yi sake ya mutu. A irin shekarar nan wa ke da lokacin lallashi? Dubi wancan. Na dasa na manta da shi, ga shi ya rufe katanga."

Aisa ta ɗago jajayen idanunta.

"Ana cin sa, Ajidan?"

"Ba a ci. Kallo ake yi."

"Ƙamshi fa?"

"Ba shi da shi."

"Na taɓa furen. Takarda ce. Bayanta kuma ƙaya. Ran da na je shanya sai da ya yage mini zane. Mutane na mutuwa da yunwa a bakin gari, kai ka kawo mana abin kallo."

"Aisa!" Alhaji ya daka mata tsawa.

Ajidan ya yi dariya, ba ta jin haushi ba. "Ƙyale ta, Baba Alhaji, gaskiya ta faɗa. Ba a ci, ba ƙamshi, ga ƙaya." Ya gyara hularsa. "Amma yana da rai, Aisa."

Da zagin ta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Alhaji ya ja carbinsa ya ce, "Ki saurare ni. Ba zan yi miki dole ba, Ajidan ko waninsa, zaɓi naki ne. Maganata da yaron nan kuma tana nan yadda take, ni ba na saɓa alkawari. In sanyi ya zo ya kawo faifansa. Abu ɗaya ne, kafin nan kar ya sake tako mini gida."

Ka ji fa. An dafa wa mutum iri, an ce ya kawo amfani, kuma mai faɗar haka ya tafi masallaci yana ganin kansa mai cika alkawari.

Aisa ta juya. Ta jawo babbar tasa, ta juye gwangwanayen a ciki, ƙasa da ganye da komai, ta tsince datsattsun zaruruwan daga ƙofarta ta ɗora a kai. Ta aza a ka ta nufi zaure.

"Ina za ki?" in ji Gwaggo.

"Ajiya aka ba ni. Zan mayar wa mai ita."

Ba ta bi ta gada ba. Ta gangara ta bi ta cikin kogin, yadda kowa ke yi a shekarar nan. Kogin da ake jin tsoron kallonsa da damina ya zama fili, ƙasarsa ta tsattsage kamar tafin ƙafar tsoho. Jiragen masunta na kife a kan yashi. Mata sun tona ramuka suna kwalfar ruwa mai launin koko. Can sama maza na jibga buhunan yashi don tare ɗan abin da ya saura, soja na tsaye a kansu. Ruwan gishiri na ɗiga daga tasar yana bin wuyanta, ba ta share ba.

La'asar ta yi sanyi ta isa Kirkissoye. Ta tarar da garkar an share ta fes, an ja fangali layi-layi, an zuba taki, komai na jira. Ba ta ga Isaka ba, sai ƙasa da ake watsowa daga cikin rijiya.

"Isaka."

Ya leƙo, kansa duk taɓo, haƙoransa kaɗai ke fari.

"Kai! Matar mai garka da kanta! Fofo, fofo! Ke, tsaya nan, kar ki motsa, albishirinki." Ya haura da igiya, ya buɗe tafin hannunsa a gabanta. Yashi ne, jiƙaƙƙe. "Taɓa ki ji. Laima! Tun safe nake jin ƙamshinta. In na ƙara haƙa tsawon gaba guda zan ga ruwa. Kin huta da raba wankanki, jibi in turo kura in kwaso ƴan gidana. Sun yi ƴaƴa da yawa? Wancan mai taurin kan da ke gwangwanin tumatir fa, ya..."

Sai a lokacin ya dubi fuskarta. Ya dubi tasar.

Ta sauke ta a gabansa, ta ja da baya.

Ya tsuguna. Ya ɗaga ganye ɗaya, ya narke a yatsunsa. Ya tona, ya zaro saiwa, ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Ya ɗebi ƴar ƙasa ya sa a harshe.

"Gishiri."

"Gwaggo ce. Da sanin Baba." Ta kwashe komai ta gaya masa, zaren da ya bi ƙofarta, da malam, da rubutu, da faifan da har yanzu ake jira.

Isaka ya yi wata dariya marar daɗin ji.

"Asiri. Ni. Da ina da asiri, Aisa, ai kogi zan fara ɗaurewa kar ya tafi." Ya ɗago. "Ke fa? Ko sau ɗaya ranki bai ce miki ko gaskiya ne ba?"

"Wallahi na so ya zama gaskiya. Da asiri ne, da rubutun nan ya wanke shi na huta. Na sha har ƙasan ƙoƙo, ga ni nan a gabanka."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Ba ta taɓa ganin kukansa ba. Ta durƙusa nesa kaɗan da shi, ita ma ta sake nata.

"Ba ka bar ko ɗaya a nan ba? Ko guda?"

"Da me zan ba shi ruwa? Duka na kai miki."

"Maƙwabta fa?"

"Nasu ya mutu tun farkon zafi. Ni kaɗai na rage a duk gaɓar nan, har suna cewa in sanyi ya zo in sam musu. Sabon iri kuwa sai a jirgin sama yake zuwa, na manya ne, ba a sayar wa irina."

"To tashi! Tashi mu je ka dafa Alƙur'ani a gaban Baba. Ka je wurin mai unguwa ka kai ƙara, an ɓata maka dukiya, an ɓata maka suna. Ni zan ba da shaida, a gaban kowa zan faɗa!"

"Ki ba da shaida a kan ubanki? Su ce ga shi nan, ya juya ta har ta kai ubanta ƙara. Kuma mai garka ya kai ƙarar gidan da ajidan ke shiga yana fita? Aisa, kin san zamanin da muke ciki."

"To mu tafi. An ce Gaya akwai ruwa. Ko Kwatano. Ina da hannuna, ina ɗinki, ba za mu kwana da yunwa ba. Alƙali ya ɗaura mana a can."

"Ran da kika bi ni ba da yardar Alhaji ba, ran nan maganar Gwaggo ta zama gaskiya har abada. Ƴaƴanmu ma da ita za a kira su."

Daga bukkar da ke ƙarshen garka aka yi tari, dogo, mai fita da ƙyar. Tsohuwarsa ce, wadda ta daɗe ba ta iya tashi. Ta kira shi da Zabarmanci, ya amsa mata da murya mai daɗi kamar ba abin da ya faru. Sannan ya juyo, bai yarda ya haɗa ido da Aisa ba.

"Akwai maganar da ban gaya miki ba. Ajidan ya aiko mini mutum."

"Ya ce me?"

"Ya gina sabon gida a Banifandou. Katanga doguwa, yana so a zagaye ta da buganbil. Yana neman mai kula da ita. Buhun hatsi duk wata, da likitan soja ya duba tsohuwa." Ya dubi bukkar. "In aika a karɓo gorona, shi ke nan abin da ya nema."

"Ka kore shi."

"Na kore shi. Har da jifa. Lokacin ina da uwaye a Kalley."

"Isaka, dube ni."

Bai duba ba.

"Jar dawar da aka ba mu ta ƙare. Abin da ta ci jiya, ganye ne na tafasa mata, na ce mata miya ce tuwo na zuwa. Ta yi kamar ta yarda. Ina ta cewa a raina, ka daure, sanyi na zuwa, ka daure. Yanzu in ce mata me ke zuwa?"

"Ni zan kawo muku abinci! Kullum zan kawo!"

"Daga tukunyar Alhaji, da ruwan Ajidan. A ce bayan ƴar, har hatsin gidan na ja da asiri."

"Kai komai a ce, a ce! Ni fa? Ni da na yi wata da watanni ina wanka da kofi don abinka ya rayu? Na tsaya gaban ubana na zubar da kunyata, na ce ina son ka, abin da ko karuwa sai ta yi tunani. Kai ba za ka iya tsayawa gaban kowa ba?"

"Ki yafe mini."

"Ban yafe ba! Kar ka ce in yafe, ka ce ba za ka je ba!"

Tsohuwa ta sake yin tari. Isaka ya miƙe a hankali kamar wanda aka ɗora wa buhu, ya kakkaɓe yashin da ya bushe a tafinsa.

"Gobe kawuna zai je wurin Alhaji."

Kukan Aisa ya tsaya cak. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta goge fuska da gefen mayafi. Da ta yi magana, muryar ba irin tata ba ce.

"Za ka ba furensa ruwa."

"Ba ya ma son ruwa sosai," ya faɗa can ƙasa, shi kansa bai san me ya sa ya faɗa ba.

"To ka saurare ni da kyau, ɗan Kirkissoye. Baba ya ce zaɓi nawa ne. Na zaɓa. Wallahi zan aure shi. Zan sa a ajiye mini kujera a baranda, kullum da safe in zauna in ga kana yanke masa ƙaya. Ka gaishe ni, ka ce ina kwana Madan, in amsa. Kai ka ga ni, ni in gan ka, har ɗayanmu ya mutu. Tun da kun haɗu kun kashe ni, ba wanda zai huta."

"Aisa, kar ki rantse..."

"Na riga na rantse."

Ta juya, ta bar masa tasar a nan. Ta fita daga garkar da sauri, kanta a sama, ta gangara gaɓa.

Da ta taka yashin kogi sai ta rage tafiya. Kalma ɗaya take jira. Ya kira sunanta kawai, ko daga nesa ne, ko da zagi ne, ta koma da gudu ta yi kaffarar rantsuwarta da azumi. Ta ƙara ragewa. Ta tsaya kamar tana cire ƙaya a ƙafa. Ta wuce matan da ke kwalfar ruwa, ta wuce jiragen da ke kife, kunnenta duk yana baya.

Har ta kai tsakiyar kogi, inda a da ruwa ke shanye doguwar gora, ta tsaya ta kasa kunne sosai.

Bai kira ba.